Matakin da Kika Ajiye Inna

Gangare, Jos.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin inda nake rubuta ta da inda kike ninke kayanki. Allah Ya tsare ki a hanyar Bauchi gobe, Ya tsare ki a makarantar da za ki sauka, Ya raba ki da sharrin mutane, Ya kuma raba mutane da sharrin bakin da kika gada a wurina.

Na san za ki ce wane irin uba ne wannan, gida ɗaya muke amma sai ya rubuto wasiƙa. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ne a kanki, ko sunan naki ban taɓa kamawa da bakina ba, to akwai maganar da ba zan iya zaunar da ke in faɗa ina kallon idonki ba. Ban da haka kin san halina. Shekaranjiya na buɗe baki, kin ga abin da ya fito. Biro ya fi ni haƙuri, idan ya yi ɓarna ana iya soke layin.

Bari in maimaita miki abin da ya faru yadda ya shiga kunnena, domin har yanzu in na tuna sai in ji kamar an watsa mini ruwan randa a watan sanyi. Da la'asar ne. Kina tsugune a tsakar gida kina ɗaure katifar makaranta, ni ina alwala a bakin rariya. Mamanki tana faɗa miki gidajen da za ki shiga sallama, ta ce ki fara da ɗakin Inna. Kika ce:

"Mama, Inna kuma? Ai ba za ta gane ba."

Ta ce, "Ko ba ta gane ba, ba kakarki ba ce?"

Ko kai ba ki ɗaga ba, kina ta jan igiya, kika ce, "Ai Inna ta sauko. Ba magana, ba tunani, ci da sha da barci kawai. A tsanin Abba matakin tsiro ke nan. Ana yi wa zogale sallama?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Butar ta suɓuce mini. Na juyo ina neman dariya a fuskarki, na ce ko wasan jika da kaka ne, irin tsokanar da kuka saba tun tana da lafiya. Babu. Fuskarki tas, kamar mai ba malami amsa a aji tana jiran a ce ta yi daidai. Da ma da raini kika faɗa, da na san maganinsa. Ba raini ba ne. Kin yarda da abin da kika faɗa, wannan shi ne ya kashe mini jiki.

Sai me na yi? Na miƙe da hannu ɗaya a wanke, na daka miki tsawar da ta sa maƙwabta leƙowa ta katanga, na ce, "Ke dabba ce?" Kin ji. Ina so in hore ki a kan kin jefa mutum ƙasan tsani, sai na ɗauki tsanin nan dai na maka miki. Ke kuwa cikin kuka kika ce, "Abba, kai fa ka koya mini. Kuma kai ma a bakin ƙofa kake tsayawa."

Daga lokacin ba mu sake haɗa ido ba. Kin shiga gidajen unguwa kaf kin yi sallama, har mai shagon bakin layi kin yi masa, ɗakin Inna ne kaɗai ba ki taka ba. Gobe za ki tafi, ba za ki dawo ba sai hutu, kuma duk wanda ya ga Inna a 'yan kwanakin nan ya san ba lallai hutun ya same ta ba. Maganar da ta sa na zauna rubutu ke nan, ba wata ba.

Gaskiya kika faɗa, ni na koya miki. To ki saurara ki ji inda na samo shi.

Ina aji uku na sakandare babanmu ya rasu, na ajiye jaka na tafi Dilimi koyon sayar da kayan mota. Tun daga nan nake jin haushin duniya. Abokan da nake yi wa aikin lissafi a aji suka wuce, ni ina wanke kabureta da fetur. Oga ya kira ni da "kai yaro" har gemu ya fito mini. Na je neman takardar shaidar asali a wani ofishi, aka dube ni aka ce in koma garinmu in karɓo, ni da kakana ya zo haƙar kuza garin nan tun yana saurayi, kabarinsa ma a nan yake. Ko ina na juya akwai wanda yake tsaye a kaina. Sai na kama karatu kamar mai ramuwar gayya. Duk takardar da ta faɗo hannuna sai na cinye ta, har wadda aka ƙunso ƙosai a ciki.

Wata rana wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a kasuwar Taminus na tsinci wani na Turanci, ba bango, farkonsa ma ya yage, har yau ban san wanda ya rubuta shi ba. Da ƙamus a gefe na yi ta fama da shi. A ciki na ga cewa mutanen da, tun daga Girkawa, har malaman Musulunci na zamanin baya da limaman Kirista, sun ɗauki halitta duka kamar tsani guda. Can ƙasa dutse da ƙasa da ƙarfe, su dai suna nan kawai. Sama da su tsiro, yana ci yana girma. Sai dabba, tana motsi tana jin zafi. Sai mutum, mai magana da tunani. Sai mala'iku. Kowane mataki ma da nasa jerin a ciki: zinariya ce sarauniyar ma'adinai, kuzarmu da ta gina garin nan tana can baya, zaki a gaban dabbobi, tsutsa a ƙarshe.

Ummi, ban san yadda zan kwatanta miki daɗin da na ji ba. Ga tsani wanda ba a hawansa da takardar makaranta ko ta asali ko babbar riga. Tunani ne ke kai mutum sama, tunani kuwa ina da shi har ya yi mini yawa. A ranar na naɗa kaina sarki. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa abin ya yi mini daɗi haka ba. Wannan ne kuskurena na farko, kuma ki riƙe shi: duk ranar da kika karanta wani abu kika ji ya ɗora ki a kan mutane, ki rufe littafin ki je ki sha ruwa, ki dawo ki sake karantawa da idon wanda aka ajiye a ƙasa. Ban taɓa ganin wanda ya zana tsani ya sa kansa a gindinsa ba. Da akuya ce ta rubuta littafin nan, da mai ƙaho ne a sama.

Na shiga Dilimi da tsanina a ka, na fara raba wa mutane matakai. Ogana na sa masa akuya mai hula. Wani direba mai yawan barci a benci na ce kabewa ne, yana nan yana girma. Mai gadin layinmu, dattijo ne wanda ba ya son magana, na ce wannan dutse ne, a sa shi a tare taya. Samari su yi ta dariya suna tafa mini, "Farfesa, wane fa? Farfesa, ga wani can, ina za ka sa shi?" Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. In na dawo gida in kwashe duka in zuba a gaban tuwo, ke kina gefe da ɗan kwanonki kina ji. Wane jaki ne, wance tunkiya ce, mutanen unguwa kaza duk shanu ne. Ina tsammanin ke yarinya ce, hankalinki na kan nama. Ashe rubutawa kike yi a inda ba a gogewa. Idan Allah Ya ba ki baki mai sa dariya, kuma na ga alamar Ya ba ki, ki riƙa duba wanda bai yi dariyar ba. Dattijon nan mai gadi har ya bar aikin bai sake amsa gaisuwata ba, ni kuma a lokacin na ce ai dutse ba ya amsawa.

Kin tuna daminar da iska ta ɗage mana kwano, kafinta ya bar tsaninsa a jingine da bango? Ba ki shiga firamare ba tukuna. Ni na ƙirƙiro wasan. In ɗora ki a matakin ƙasa in ce, "Me dutse ke yi?" Ki ce, "Ba komai!" In ɗaga ki gaba. "Zogale fa?" "Yana ci yana girma!" "Akuya fa?" "Tana gudu, in an doke ta ta yi kuka!" "Mutum fa?" Sai ki buɗe hannuwa ki ƙwala, "Yana magana yana tunani!" In cilla ki sama in cafe, in ce ga mala'ika ta sauko. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana faɗa:

"Nasiru, sauko mini da takwara kafin ka karya ta! Kai da bokonka na kan bola."

In ce, "Inna, ilimi ne."

Ta ce, "Ilimin da sai an hau tsanin kafinta? To Allah Ya sauwaƙe."

Ana cikin haka wata rana, kina can sama a hannuna, kika ce, "Abba, Bebe mai wankin hula fa? Shi ba ya magana. A ina yake?" Wallahi, Ummi, a ranar Allah Ya aiko mini da gargaɗi ta bakinki, ni kuwa me na yi? Na fashe da dariya. Na zagaya da ke tsakar gida ina cewa ku zo ku ji kan 'yata, wannan sai ta zama likita. Na saya miki alewa. Amsa kuwa ban ba ki ba. Na bar ki da tambayar kika girma da ita, kika ba kanki amsa da kayan da na tara miki. Shekaranjiya kika kawo mini ita.

Amsar da ya kamata in ba ki a ranar ga ta, ko da ta makara. Su kansu masu tsanin, jinsi suke jerawa, ba mutane ɗaya ɗaya ba. Ba su ce a ɗauki tsani a bi ɗaki ɗaki ana auna wa ya hau wa ya sauka ba. Darajar da Allah Ya yi wa ɗan Adam ba lada ba ce ta iya magana, balle a ƙwace ranar da harshe ya mutu. Kuma da ina da hankalin da nake taƙama da shi, da na tuna wanda ya fara wannan lissafi. Tun a allo aka karantar da mu: an ce ya yi sujada ya ƙi, hujjarsa ita ce shi daga wuta yake, wancan daga yumɓu, wuta kuwa tana gaba. Lissafinsa tsaf yake, ba ɗigon kuskure a jerin, kuma shi ya kai shi inda ya kai shi. Shekara da shekaru ina karanta wannan da safe, da rana in je Dilimi in yi irin aikinsa, ban taɓa haɗa biyun ba sai jiya. Ni da ake kira Farfesa!

Inda za ki akwai tsani iri iri, tun daga bakin get za a nuna miki matakinki. Siniya a kan 'yar sabuwa, mai ɗaukar na ɗaya a kan mai ɗaukar na ƙarshe, 'yar birni a kan wadda ta zo daga ƙauye da Turancinta a karkace. Can ƙasa kuma matan kicin da masu share ɗakunan kwana, waɗanda ɗalibai ke wucewa kamar an dasa su a wurin. Za a taka ki, kuma zai yi zafi, na sani. To lokacin da ya yi zafin ne abin tsoro, domin a nan ne mutum ke neman wanda shi ma zai taka. Ni haka aka yi da ni. Ban ce ki ƙi girmama na gaba ba, ki bi dokar makaranta, ki gaida malamanki. Amma matar da ke zuba miki wake ki san sunanta.

Yanzu maganar bakin ƙofa. Wannan ita ta fi ci mini rai, don ban san kina gani ba.

Tun da ciwon nan ya kayar da Inna, ɓarin hagu ya shanye, magana ta ɗauke, hankalin ma ya bi, na kasa zama a ɗakin. Ba zan yi miki ƙarya ba. Warin magani da na fitsari yana tayar mini da zuciya, amma ba shi ne babba ba. Idonta ne. Matar da in na yi tari a Dilimi take ji a Gangare, yau ta dube ni kamar mai karɓar kuɗin wuta. Sai na koma ɗaga labule da safe, in ce, "Inna, an tashi lafiya? Allah Ya ƙara sauƙi," in saki labulen kafin ma ta juyo, in buga mashin. Na ce wa kaina ai ni ke sayen magani, ni ke kawo likita, wanka da juyi aikin mata ne. Mamanki ta yi mini magana, kuma a gabanki na ba ta amsa, na tuna sarai, kina yanka kuɓewa. Na ce, "Ki bar ni, don Allah. Inna ta riga ta tafi, gangar jikin ce ta rage."

To mene ne bambancin wannan da zogalenki? Babu. Naki ma ya fi nawa tausayi, zogale ai yana da rai.

Jiya da hantsi Ngo Kaneng ta zo. Kin san ta tun kina goye, amma ban jin kin san tsawon abin. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ita tana kawo kabeji da dankali daga gonarsu a Kabong, Inna tana suyar masa a ƙofar gidan nan. Ko a shekarun rikici da mutanen Kabong suka daina shigowa Gangare, mu ma muka daina zuwa can, tsohuwar nan ba ta fasa ba, da kwanon gwatenta a ka. Da ta zo jiyan kina gidan gwaggonki. Mamanki ta kwashe komai ta faɗa mata. Ina ƙoƙarin fita da mashin Ngo ta tare zaure, hannu a ƙugu.

"Nasiru! Kai zo nan. Wai mama naka ya zama ganye?"

Na ce, "Ngo, ina kwana. Ba haka ba ne, yarinya ce ta yi kuskure, wani abu ne na littafi..."

"Ajiye ina kwana naka. Faɗa mini littafi ɗin."

Haka na tsaya a zaure kamar ɗan firamare ina jera mata, dutse, tsiro, dabba, mutum. Tana ji tana gyaɗa kai. Da na gama ta ce:

"To ranar da an haife ka, ni ina wurin. Ba magana, ba tunani. Kuka da kashi, shi ke nan aiki naka. Kai ma ganye ne?"

Ta ci gaba:

"Ganye mai kashi! Har wata nawa kana haka, mama naka bai kai ka lambu ya dasa ba. Wuce mu je, masa yana hucewa."

Na ce wace masa? Mun fi shekara ba a ɗora tanda a gidan nan ba. Ta dubi mamanki, mamanki ta sunkuyar da kai. Ngo ta ce, "Au! Bai sani ba? Yesu! Gida ɗaya?" Ta kama hannun rigata ta ja ni, yadda take yi mini in na gudu daga wanka ina yaro.

Ummi, na shiga. Na zauna a tabarma a gefen katifar, karo na farko tun bara. Inna tana jingine da filo. Ba ta dube ni ba, hankalinta na kan bargon da ke cinyarta. Hannunta na dama, mai ran, yana ta aiki. Na ɗauka rawar ciwo ce, don daga bakin ƙofa abin da nake hangowa ke nan kullum in ce jijiya ce. Da na matso na duba sai na gane. Ba rawa ba ce. Ta ɗebo wani abu daga gefe, ta zuba nan, ta zuba nan, ta zuba nan, a zagaye, daidai yadda ramukan tanda suke. Ta ɗiga mai. Ta jira. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa da ɗan karkata wuyan hannun nan nata, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma wanda ta fara zubawa shi ta fara juyawa. Inna masa take soyawa. Ba ƙullu, ba wuta, ba tanda, amma ko a wancan lokacin da layi ke kaiwa bakin masallaci ba ta fi haka ƙwarewa ba.

Ngo ta miƙa tafin hannu ta ce, "Hajiya, na yau ya yi kyau. Ba ni biyu, kar ka ba ni mai ƙuna." Inna ta ɗauka ta sa mata. Ngo ta kai baki ta tauna iska har da lumshe ido, ta ce yaji ya yi kaɗan. Mamanki ma ta karɓa. Ashe kullum haka suke yi. Ashe in ba a karɓa ba ba ta yarda ta ci nata abincin, sai ta sallami masu saye tukuna. Shekara guda mahaifiyata tana suya a gidana, ni ina bakin ƙofa ina yi wa gawa sannu.

Ngo ta zungure ni da gwiwar hannu. "Farfesa, miƙa hannu mana. Ko ba ka cin na ganye?"

Na miƙa. Inna ta ɗauko ɗaya. Ta kawo har kusa da tafina, sai ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta mayar da hannun wajen bakinta, bakin nan da ya karkace, ta hura. Ta sake hurawa. Sannan ta sa mini.

Ba ta hura wa Ngo ba. Ba ta hura wa mamanki ba. Mamanki ta ce tun da aka fara ba ta taɓa ganin ta yi wa kowa haka ba. Yara kaɗai Inna ke hura wa masa, ke ma shaida ce.

Ba zan ce miki ta gane ni ba. Ban sani ba, kuma na gaji da faɗin abin da ban sani ba da babbar murya. Wataƙila Nasirunta ta gani, wataƙila wani yaro ne kawai ta gani wanda take tsoron kada ya ƙone. Ko wanne ne, ki faɗa mini matakin da ake ajiye wannan. Na koma kan duk abin da na karanta, ban samu ba. Na ci masar. Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar da ta faɗi, Ngo tana jiyo ni tana cewa a bar shi, tun yana jariri haka yake, ba a iya masa.

Ga abin da nake nema a wurinki, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Tsawa na riga na yi, ba ta kai ki ɗakin ba, kuma ko ta kai ki ba na son sallamar da tsoro ya kawo. Na je tasha na ce wa direban ba da asuba za ki bi shi ba, sai motar bayan azahar. Safiyar gobe taki ce. Ni zan fita Dilimi da wuri don kada ki ga idona a kanki, na kuma roƙi mamanki kada ta ce miki komai, kada ta faɗa mini komai. Inna takan fara suya in rana ta shigo ta taga. Kada ki tsaya a labule, daga can ba a ganin komai, ni na gwada. Ki shiga ki zauna a dama da ita. Ba sai kin shirya magana ba, ba sai kin nemi gafara da baki ba, ba ta ji abin da kika faɗa ba, mu da muka ji mu ne ya dama. Ki miƙa hannu kawai. In ta ba ki, ki ci. In ba ta hura miki ba kada ki ji haushi, kin girma ne. Ki ce mata takwara za ta tafi makaranta.

In kuma kin ga ba za ki iya ba, zan dawo in ɗauki akwatinki in kai ki tasha, ba zan tambaye ki ba, kuma ba zan sauke ki daga ko ina ba. Ke 'yata ce a kowane hali. Kalmar da na jefe ki da ita a tsakar gida ki yafe mini, ba ki cancance ta ba, ita ma akuyar ba ta yi mini komai ba. Sai dai ina ji miki tsoron ranar da za a kira ki ofishin shugabar makaranta a ce ki haɗa kayanki ana nemanki a gida. Ni Allah Ya ba ni jiya. Ke gobe kawai gare ki.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki. Allah Ya tsare lafiyarki da imaninki da mutuncinki, Ya buɗe miki karatu, Ya ba ki ilimin da ke sa mutum ya sunkuya. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya sa ki dawo ki same ta. In kuma Ya ƙaddara ba haka ba, Ya sa kin riga kin karɓi rabonki daga hannunta. Amin.

Ki sa rigar sanyi a saman akwati, ba a ƙasa ba, za ki neme ta kafin ku sauka daga kan duwatsun Jos.

Wassalamu alaikum.

Abbanki.